Hannun Da Ke Cikin Mudu

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a bakin shagona a Ƙofar Guga, ya daɗe yana kallon yadda nake jan layi ɗaya da burushi, sannan ya ce, "Baba Sada, wannan wahalar da kake sha, ni minti biyar ya ishe ni a waya." Na ce to bismilla. Ya latsa nan, ya latsa can, sai ga mace ta fito, fata sumul, tana riƙe da tulu. Na ce ya ƙirga yatsunta. Shida ne a hannun dama. Tulun kuwa, duk wadda ta taɓa zuwa rijiya ta san in aka riƙe shi haka ba zai kai gida ba. Muka yi dariya, ya mayar da wayarsa aljihu. Ban ga laifinsa ba, don ni ma da nake kamar shekarunsa na ɗauka zane bai wuce iya kwaikwayon fuska ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina zana bangon littattafai da hotunan cikin mujallu, kuma abin da zan gaya muku, ku masu tasowa, ba a littafi na karanto shi ba.

Wurin Ba'indiye na koyi aikin. A zamaninmu makarantun sakandare cike suke da malamai 'yan Indiya, kuma wanda ya koya mana lissafi sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka yanki farkonsa muka ce Malam Bala. Baƙi ne, har ya fi ni duhu, mutumin kudancin ƙasarsu, yarensu Tamil. Wata rana ya kama ni ina zana shi a bayan littafin lissafi, da tabarau da ɗan tumbinsa. Har na miƙa hannu don bulala. Ya dubi zanen, ya ce kunnen ya sauka ƙasa da yawa, ya gyara da jan biro, sannan ya ce in same shi gidansa a GRA ranar Asabar.

A ɗakinsa na tarar da tulin mujallu ɗaure da igiya, waɗanda ake aiko masa daga gida. Rubutunsu duk lanƙwashe-lanƙwashe ne, ko harafi ɗaya ban gane ba, amma kowane labari da hotonsa na hannu: mace a bakin ƙofa da furanni a gashi, tsoho yana karanta wasiƙa, saurayi a tashar jirgin ƙasa. Ashe kafin ya shiga koyarwa shekara bakwai ya yi yana yi wa irin waɗannan mujallu zane. Ya ce a can labari ɗaya yakan shekara ana buga shi mako-mako, kuma dole matar da ka zana a makon farko ta zama ita ce a mako na hamsin. In ka canza mata ɗan kunne, sai masu karatu su rubuto wasiƙa suna tambayar wa ya saya mata sabo. Iyali ne suka sa ya koma koyarwa, amma burushinsa bai taɓa bushewa ba.

Wata uku na farko bai bar ni na zana fuska ko ɗaya ba. Hannu kawai. Hannunsa riƙe da kofin shayi, hannun matarsa tana murza kwaɓin fulawa, hannun mai gadinsu yana ɓare goro. Ya ce kowa yana iya gyara fuskarsa in ya ga ana kallonsa, amma ba wanda yake tunawa ya gyara hannunsa. Kayan aikin ba su da yawa: fensir, alƙalamin ƙarfe mai tsini da ake tsomawa a tawada, burushi uku, baƙar tawada ta kwalba, farin fenti na rufe kuskure, reza ta kankara, da madubi. Madubin ya fi komai amfani. Ka gama zane kana jin kai ne gwani, ka ɗaga shi gaban madubi, nan take za ka ga ido ɗaya ya hau sama, kafaɗa ta karkace. Idonka ya riga ya saba da kuskurenka, sai an juya masa shi yake ganewa. Tawada kuwa ba ruwanta da ban haƙuri, inda ta sauka nan ta zauna.

Da ya sake ni a kan fuskoki, na kwafi wata mace daga mujallarsa har da ɗigon goshinta, na kai masa ina taƙama. Ya ce da Hausarsa mai ban dariya, "Wannan mata na garinmu. Ina mata na garinku?" Ya ba ni littafi marar layi ya ce in shiga gari in cika shi. Sannan ya kafa mini doka ɗaya, kuma bai daina maimaita ta ba har ranar da muka raka shi tasha zai koma ƙasarsu: kada in taɓa ɗaukar fuskar mutum mai rai gaba ɗayanta in sa a labari. Hanci na wani, goshi na wani, haɓa ta wani. Ya ce mutumin labari ba shi da gida a gari, amma mai fuskar yana da gida, da 'ya'ya, da maƙwabta.

Mahaifina zayyanar allo ce sana'arsa, kuma bai so zanen abu mai rai ba. Bai hana ni ba, bai kuma yaba ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Duk abin da hannunka ya yi, kai za a tambaya." A wurinsa na koyi haɗa tawada da ƙaro da baƙin tukunya, ita ce ta rufa mini asiri a shekarun da ta kwalba ta yi wuyar samu.

Aikin farko da na yi na kaina allon wani mai aski ne, kawuna shida, kowane da irin askinsa. Daga nan sai hotunan littattafan firamare, akuya da kaza da yaro yana wanke hannu, sai wata mujalla da ke aiko mini labari in yi masa hoto. Da kasuwar littattafan Hausa ta buɗe kuwa, shagona ya zama kamar gidan biki. Wata Hajiya ta aiko ƙanenta da labarinta cikin littattafan makaranta huɗu, da saƙon a yi wa yarinyar labarin ido irin na 'yan fim ɗin Indiya. Kusan kowa haka yake so. Ni da na koya wurin Ba'indiye, ni ne kullum nake roƙon Katsinawa su bar Indiyawa su huta. Ba na taɓa fensir sai na karanta labari daga farko har ƙarshe, don na san wani abokin sana'a da ya zana saurayi jingine da mota, alhali tun daga shafin farko a kan keken aro yake yawo. Kano ake kai bangon a buga, kuma injin yana da nasa ra'ayin: jan launinka ya dawo kalar ƙasa, fatar mutum ta fito kore-kore. Shi ya sa na koyi rage launi in bar wa layi aikin.

Wani aiki ne ya kawo mini shekarar da ba na mantawa. Akwai wani marubuci, Bishir, akawu ne a sakatariya, ya rubuta labarin wani ma'aunin hatsi mai tauye mudu, wanda a littafin ake kira Ɗan Tauye. Labari ne mai kyau. Ya ce yana so littafin ya fito kafin Sallah, kuma motar da za ta kai aikin Kano saura kwana biyar. Na tafi Babbar Kasuwa na zauna a rumfar wani abokina tela da ke kallon layin 'yan hatsi, da littafina a cinya, kamar mai jiran ɗinki. Kwana uku ina zuwa.

A layin nan babu wanda idona ya kama irin Alhaji Rabe. Dattijo ne dogo, hanci miƙe, farin gemu a haɓa kawai, hula ture baya, da wani ɗan tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu. Kullum da ƙaramin tawul a kafaɗa. Ban san shi ba sai gaisuwa, amma na san shekara talatin ya yi a rumfar nan, kuma matan cikin gari in za su aiki yaro awo cewa suke yi ya je wurin Alhaji Rabe. Niyyata in ɗauki goshin da hular, in nemo hanci da ido a wani wuri. Da na koma shago na zauna, sai fuskar ta fito gaba ɗayanta, ta kuma fito da kyan da ban taɓa samu ba. Na ɗaga ta gaban madubi, babu abin gyarawa. Na tuna dokar Malam Bala sarai, ba mantawa na yi ba. Na ce wa kaina ai zane ne, wa zai lura, kuma ga mota tana jira. Gaskiyar magana ita ce na ji ƙyashin ɓata aikin da ya yi kyau.

Saura hannu. Labarin ya ce Ɗan Tauye yana soka babban yatsansa cikin mudu in yana awo, don hatsin ya ragu ba tare da mai saye ya gani ba. Babu irin wannan hannun a littafina. Sai na aro mudu a gida, na cika shi da gero, na soka yatsana, na tsaya gaban madubi na zana. Na haɗa da fuskar, haɗin ya zauna daram.

Littafin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Aka rataye shi a igiya a rumfunan masu littattafai, ɗaya daga cikinsu ba ta fi taku hamsin daga layin 'yan hatsi ba. Katsina kuwa kowa ya san kowa. Da farko wasa aka ɗauke shi, abokan rumfa suna ce masa, "Alhaji, ashe ka shiga littafi!" Daga baya wasan ya canza. Mutane suka fara cewa ruwa ba ya tsami banza, mai zane ba zai ɗauki mutum haka kawai ba sai da abin da ya gani. Masu tuwon sayarwa da ke ɗaukar buhu-buhu a wurinsa suka koma wata rumfa. A cikin gida in za a aiki yaro sai a ce kada ya je wurin na jikin littafi. Har ta kai shugabannin 'yan hatsi suka ɗauki mudunsa suka gwada a gaban jama'a. Mudun ya cika cif, amma an riga an gwada, kuma mutumin da ya shekara talatin yana awo ya tsaya yana kallo ana gwada shi.

Mahaifina ne ya ce in ban je na sami Alhaji Rabe ba, kada in ƙara cin tuwon gidansa. Na je da hantsi. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, bai rage komai daga gaisuwar ba. Wata tsohuwa ta zo awon dawa, ya sallame ta, sannan ya juyo.

"Kai ne ɗan Malam mai zayyana?"

"Ni ne, Alhaji."

"Kwana nawa ka yi kana kallona?"

"Uku."

"Na gan ka ai. Na aza ɗinki kake jira." Ya goge hannunsa da tawul. "To a kwana ukun nan, sau nawa ka ga yatsana cikin mudu?"

"Ko sau ɗaya ban gani ba, Alhaji."

"To hannun wane ne ka liƙa mani?"

"Nawa ne."

Ya daɗe yana kallon hannun nawa. Na ce ya yafe mini, zan canza bangon, zan zana shi yadda yake a kafa a rumfarsa kowa ya gani.

"An zana ni sau ɗaya, ya isa," in ji shi. "Yafiya kuwa na yafe maka, Allah shi yafe mamu baki ɗaya. Amma masu tuwo ba su san na yafe ba. Tashi ka tafi, kana tare mani masu saye."

Babu mai saye ko ɗaya a bayana. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau ban ƙara ji ba.

Na bi masu tuwon ɗaya bayan ɗaya na gaya musu gaskiya. Wasu suka ce sun ji, wasu suka ce an tsorata ni ne. Bishir, wanda bai san Alhaji Rabe ba ko a hanya, ya yarda aka canza bango a bugu na biyu, amma na farkon ya riga ya shiga ɗakuna. Shekarar nan ba marubucin da ya kawo mini aiki. In na fito da littafina a majalisa sai mutane su ja hula su rufe fuska, wasu da wasa, wasu da gaske. Na koma rubuta lambobi a jikin manyan motoci da allunan masu aski. Ni shekara ɗaya na yi a haka, aiki ya dawo. Alhaji Rabe kuwa cinikinsa bai dawo ba. Bayan shekara biyu ya bar rumfar ya koma awo a ƙofar gidansa, nan bayan shagona kaɗan, kuma har ya rasu akwai masu cewa Ɗan Tauye in sun ga ba ya kusa. Kullum in na wuce sai mun gaisa, kullum kuma gaisuwar a cike take.

Tun daga nan ban ƙara sa fuskar da ban haɗo ta daga mutum uku ba a kan takarda. Kuma wannan ne abin da nake so ku gane, ku da kuke ɗaukar hoton mutum a waya ku ɗora masa abin da kuka ga dama cikin minti biyar. Wahalar sana'ar nan ba a iya jan layi take ba, wannan kowa ya daure zai iya. Kun fi mu sauri, kuma bangonku yana kaiwa inda namu bai taɓa kaiwa ba.

Bara, bayan damina, wata mata ta yi sallama a shagona. Dattijuwa ce da tabarau, ta ce sunanta Hajiya Bilki, ta yi ritaya daga shugabancin wata makarantar firamare. Muka gaisa. Ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar takarda da ta sha jiki ta ajiye a kan teburina. Rabin bangon littafin nan ne, na sama. An sa almakashi an yanke daga ƙirji zuwa ƙasa, inda hannun yake.

"Ni ɗiyar Alhaji Rabe ce," in ji ta. "Ka san Baba bai yarda da hoto ba. Ɗaya ya taɓa ɗauka, na fasfon Makka, shi ma gara ta cinye. Jikokinshi suna tambayata yaya kamanninshi suke. Duk duniya wannan kaɗai gare mu."

Na ce Allah ya jiƙansa.

"Amin. Ni na yanke shi da hannuna ina budurwa. Na kai ma yaran nan masu kwamfuta su ƙarasa mani, suka yi mashi hannun ɗan ofis, sumul kamar bai taɓa ɗaga buhu ba. Fuskar ta Baba ce, ba ni da ja. Hannun nike so, in kana iya tunawa."

Na ce ta dawo bayan mako ɗaya. Ba sai na tuna ba. Littattafaina duk suna nan cikin akwatin ƙarfe, tun na zamanin Malam Bala. Na zaro na shekarar, na buɗe. A kwana ukun nan na zana hannun Alhaji Rabe sau goma sha ɗaya, don hannu aka fara koya mini kuma shi idona yake fara kamawa. Ga shi yana cika mudu har ya yi tozo. Ga shi yana tallafe gefen da tafinsa kada ƙwaya ta zube ƙasa. Ga kuma wanda na zana har sau huɗu, saboda kowane mai saye sai ya yi masa: bayan an gama awo, mai saye ya fara ɗaure bakin buhunsa, sai Alhaji ya sa hannun hagu ya buɗe, ya damƙo gero da na dama ya zuba gyara. Ƙaramin yatsansa na dama a lanƙwashe yake, ba ya miƙewa.

Kwana shida na yi a kan zanen, da tawadar ƙaro irin ta mahaifina. Ban taɓa fuskar ba, yadda take na mayar da ita. Na yi masa hannunsa, gero yana zuba daga cikinsa.

Da ta dawo na miƙa mata. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta sa yatsa a kan ƙaramin yatsan nan mai lanƙwasa, ta ce ƙofar rumfa ce ta datse shi tun kafin a haife ta. Sannan ta ce, "Bayan shekara talatin ka tuna har wannan?"

Da na yi shiru da ta tafi tana yaba ƙwaƙwalwata. Na jawo tsohon littafin na buɗe mata. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya a hankali, ta tsaya a kan na gyaran, ta duba yadda takardar ta tsufa.

"Wannan yaushe ka yi shi?"

"Kafin in zana bangon, Hajiya."

"Ashe ka gani."

"Na gani."

"Tun a lokacin."

"Tun a lokacin."

Ta rufe littafin ta turo mini. Ta naɗe zanen a hankali, ta sa cikin mayafinta, ta yi mini sallama cikakkiya irin ta mahaifinta. Ba ta ce ta gode ba, kuma ban ga laifinta ba.